Kiɗan da Manyan Kamfanoni Suka Raina, Suka Dawo Suka Saye

Yau za mu ƙetara teku, mu koma baya kimanin shekara saba'in, mu ga irin tarbar da kamfanonin buga faifan waƙa na Amurka da Ingila suka yi wa kiɗan samarin nan da ake kira rok an rol, da ƙanensa pop, tun suna jarirai.

Ranar 12 ga Afrilu, 1954, kamfanin Decca na Amurka ya shigar da wani mawaƙi farar fata mai suna Bill Haley situdiyo a birnin New York, shi da makaɗansa. Kusan duk lokacin da aka ware musu ya ƙare a kan wata waƙa da jami'in kamfanin ya zaɓa da kansa. Sai da aka kusa tashi aka bar su suka rera wadda su suke so, sau biyu, a gurguje. Sunanta Rock Around the Clock. Da aka zo buga faifai, a bayansa aka manna ta, ɓangaren da ba a sa ran kowa zai juya. Aka kuma rubuta a jikin faifan cewa kiɗan fox trot ne, wata rawar iyaye da kakanni ta tun zamanin yaƙin duniya na farko. Shekara guda tana nan ba ta yi wani tashe ba, sai da wani fim mai suna Blackboard Jungle ya buɗe da ita a 1955. Samari suka riƙa miƙewa suna rawa a cikin gidajen sinima. Ta yi mako takwas tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka.

Ana yawan ba da irin wannan labari don a yi wa manyan kamfanoni dariya, a ce sun yi barci har jirgi ya tashi ya bar su. Ni ban ga abin dariya a ciki ba, domin idan kun bi lissafin har ƙarshe, ba kamfanonin ne suka yi asara ba. Kamfani mai jari idan ya raina abu, daga baya ya ga ya yi kuɗi, sai ya zaro takardar banki ya saye shi. Wanda ya yi asarar da ba ta dawowa shi ne mawaƙin da ya sa hannu a takarda tun kiɗan bai da daraja.

A farkon shekarun 1950 kamfanoni shida ne ke riƙe da wuyan kasuwa: RCA Victor, Columbia, Decca, Capitol, MGM da Mercury. Kuma suna da tsarin aikinsu wanda ya daɗe yana kawo musu riba. Marubuta waƙa na zaune a ofisoshi a New York suna rubutawa. Jami'in kamfani ya zaɓi waƙa, ya zaɓi wanda zai rera ta, ya tara makaɗa masu karanta kiɗa daga takarda, da goge da ƙaho da fiyano. Mawaƙi nasa murya ce kawai da kwat mai guga, irin su Perry Como da Doris Day da Patti Page. Mai sayen da suke hange kuwa magidanci ne farar fata mai albashi, wanda zai sa faifai a falo bayan cin abincin dare. Ga shi kuma rabinsu rassa ne na wasu manyan gidaje: RCA shi ke da gidan rediyo da talabijin na NBC, Columbia na CBS ne, MGM na masu fim ne. Suna da masu ba su talla da suke tsoron ɓata wa rai.

To, ina baƙar fata a wannan tsari? Tun shekarun 1920 ana ɗaukar waƙoƙinsu, amma a jeri daban, da suna daban, a sayar a unguwanninsu kaɗai. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, danƙon da ake yin faifai da shi, wanda ake kawowa daga Indiya, ya yi ƙaranci, gwamnati ta taƙaita shi. Da manyan kamfanoni suka tashi rage aiki, kiɗan baƙar fata da na talakawan karkara suka fara zubarwa. A daidai wannan lokaci kuwa baƙar fata na ta kwarara daga kudu zuwa Chicago da Detroit da Los Angeles suna aikin masana'anta. Sun samu albashi, suna kewar gida, suna son kiɗansu, babu mai sayar musu.

Wannan gurbi ne ƙananan 'yan kasuwa suka shige. A Chicago, wasu 'yan'uwa biyu da iyayensu suka yi ƙaura daga Poland, Leonard da Phil Chess, suka kafa Chess. A New York, Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, ya kafa Atlantic a 1947 tare da abokinsa. A Memphis, Sam Phillips ya buɗe ɗan ƙaramin situdiyo a 1950, yana ɗaukar sautin bukukuwan aure da jana'iza don ya biya haya, a gefe kuma yana ɗaukar B.B. King da Howlin' Wolf. Akwai Specialty da Imperial a Los Angeles, akwai King a Cincinnati. Waɗannan mutane da kansu suke loda faya-fayai a bayan mota su bi gari gari, shago shago, gidan rediyo gidan rediyo.

Zamani ma ya taimake su. Na'urar ɗaukar sauti a tef ta sa mutum ɗaya da ɗaki ɗaya sun isa a yi faifai. Ƙaramin faifan da RCA ya fito da shi a 1949 ba ya fashewa da sauƙi, kuma bai kai dala ɗaya ba, kuɗin da ɗan makaranta zai iya tarawa. Talabijin ya janye wasannin kwaikwayo da manyan masu talla daga rediyo, sai ƙananan tashoshi suka koma cike lokaci da sa faifai. Tashar WDIA ta Memphis ta mayar da shirye-shiryenta gaba ɗaya na baƙar fata a 1949. Tashar WLAC ta Nashville kuwa idan dare ya yi ana kama ta a jihohi da dama. Dokar wariya ta iya raba kujerun bas da famfon shan ruwa, amma ba ta iya tare iskar rediyo ba. Yaro farar fata yana kwance a ɗakinsa, ya rage murya don kada uba ya ji, yana sauraron Fats Domino.

Da manya suka farga cewa 'ya'yan farar fata na sayen waɗannan faya-fayai, ba su je neman mawaƙan ba. Waƙoƙin suka ɗauka. Nan nake so ku ba ni kunne sosai, domin nan ne zuciyar maganar. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ce duk waƙar da aka riga aka buga a faifai, kowa na iya sake rera ta, muddin zai biya mai haƙƙin rubutun sent biyu kan kowane faifai. Salon rerawa, da tsarin kiɗa, da sautin da aka ɗauka, dokar tarayya ba ta kare su ba. Shi sautin ma sai a 1972 ya samu kariya. Saboda haka ƙaramin kamfani zai fitar da waƙa ta fara motsi, kafin mako biyu babban kamfani ya sa nasa mawaƙi farar fata ya kwaikwaye ta, a sassauta ganga, a tsabtace kalmomi, a watsa ta ko'ina da ƙarfin rarraba kayan da ƙaramin ba shi da shi.

A 1954 wata ƙungiyar baƙar fata mai suna The Chords ta fitar da Sh-Boom a ƙarƙashin wani reshen Atlantic. Mercury ya ba wasu samari 'yan Kanada, The Crew-Cuts, suka maimaita, tasu ta hau ta ɗaya. Haka Mercury ya yi wa LaVern Baker: ta fitar da Tweedle Dee, aka sa Georgia Gibbs ta bi sawunta kusan sak. Ita LaVern Baker ba ita ta rubuta waƙar ba, don haka ko sent biyun nan ba ya zuwa hannunta. Muryarta da salonta ne jarinta, kuma su aka kwashe. A 1955 ta rubuta wa ɗan majalisa Charles Diggs takarda tana neman a gyara doka a hana wannan kwaikwayo. Ba a gyara ba. Ku yi tunanin mace baƙar fata a Amurkar 1955, ta gane daidai inda dokar ta yoye, ta kai ƙara har majalisa. Ni a wurina sunanta ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi.

Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne Pat Boone, kuma gaskiya ita ce kamfaninsa, Dot, ba ya cikin manyan shida. Ƙarami ne da ya koyi dabarar manya. Boone ya ɗauki Ain't That a Shame ta Fats Domino ya kai ta ta ɗaya, ta mai ita ta tsaya a ta goma. Ya ɗauki Tutti Frutti ta Little Richard, nan ma ya wuce shi. Amma a 1956, da ya sake bin Little Richard a kan Long Tall Sally, sai ta asali ta fi tasa kasuwa. Samari sun ji na gaske, sun daina yarda da na kwaikwayo. Ba wani kamfani ne ya tuba ba. Masu saye ne suka kashe wannan sana'a da kuɗin aljihunsu.

Sai dabara ta biyu. A Yulin 1954 Sam Phillips ya ɗauki muryar wani direban babbar mota ɗan shekara 19, Elvis Presley, yana rera That's All Right. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, a Nuwamban 1955, RCA ya sayi kwantiragin yaron daga kamfanin Sun na Sam Phillips a kan dala 35,000, aka ƙara wa Elvis 5,000. A lokacin ana ganin kuɗin ya yi yawa, har wasu manya a RCA suka riƙa ƙorafi. Shekara ba ta zagayo ba, fiye da rabin ƙananan faya-fayan da RCA ya sayar a 1956 na Elvis ne. Amma ku ji wani abu. Ita waƙar da ta fito da Elvis, wani baƙar fata ɗan jihar Mississippi ne ya yi ta, Arthur Crudup, a 1946. Kuma a wane kamfani? A RCA ɗin dai. Tana ajiye a ma'ajiyarsu shekara da shekaru, a jerin da suka ware wa baƙar fata. Sai da ta fito daga bakin farin yaro suka ga darajarta.

Crudup ya gaji da rera waƙa ba biya, ya koma aikin gona da jigilar ma'aikatan gona. A ƙarshen rayuwarsa wasu suka tsaya masa, aka yi maganar za a ba shi dala 60,000 na haƙƙinsa da ya taru. Da aka zo sa hannu, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin ya janye. Ya rasu a jihar Virginia a 1974 bai ga kuɗin ba.

Ko bayan Elvis, manya ba su yarda kiɗan zai daɗe ba. Suna cewa yayi ne, zai wuce. Decca ya ɗauki Buddy Holly a 1956, ya kai shi Nashville, aka hana shi yin kiɗa yadda yake so, aka ƙi fitar da That'll Be the Day, aka sallame shi. Ya tafi wani ƙaramin situdiyo a garin Clovis na jihar New Mexico ya sake ɗaukarta, ta fito a Brunswick, wanda shi ma reshen Decca ne, ta hau ta ɗaya a 1957. A wannan shekara ce kuma kamfanoni suka yi caa a kan kiɗan kalipso na tsibiran Karibiyan, ganin yadda faifan Harry Belafonte ya yi kasuwa, suna fatan shi ne zai binne rok. Bai binne shi ba.

Wanda ya fi kowa fitowa fili shi ne Mitch Miller, mai zaɓen waƙoƙi a Columbia tun 1950. Ƙwararren mai busa ne, ya yi karatun kiɗa mai zurfi, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya tsani rok ba. A 1958, a wani taron masu sa faifai a rediyo a Kansas City, ya tsaya gabansu ya zarge su da miƙa tashoshinsu ga yara 'yan shekara takwas zuwa sha huɗu. Ina girmama mutumin da ya faɗi ra'ayinsa ido da ido, kuma kowa na da 'yancin ya ce kiɗa bai yi masa daɗi ba. Amma ra'ayin mutum ɗaya ya rufe ƙofar babban kamfani kusan shekara goma. Columbia ne ya ɗauki Aretha Franklin a 1960, 'yar limamin coci mai muryar da ke girgiza bango, ya shekara shida bai san yadda zai yi da ita ba. Da ta koma Atlantic, a 1967 duniya ta ji ta.

Ana cikin wannan raini, kasuwa na ta kumbura. Cinikin faifai a Amurka ya tashi daga dala miliyan 213 a 1954 zuwa miliyan 603 a 1959, kuma kaso mai tsoka na waƙoƙin da ke kan gaba ya koma hannun ƙanana. Nan ne hankalin tsofaffin masu sana'a ya tashi. Ƙungiyar marubuta waƙa ta ASCAP, wadda mambobinta suka saba cin kasuwa su kaɗai, ta dage cewa babu yadda za a yi mutane su so wannan kiɗa don kansu, sai dai idan ana ba masu sa faifai na goro. Majalisar wakilai ta buɗe bincike a ƙarshen 1959. To, ana bayar da na goron, wannan gaskiya ne. Sai dai al'adar ta girmi rok nesa ba kusa ba, kuma ga ƙaramin kamfani ita ce kaɗai hanyar da faifansa zai shiga rediyo, tunda ba shi da gidan talabijin nasa. Alan Freed, wanda tun 1951 yake sa wa samarin Cleveland kiɗan baƙar fata, shi aka fi ɗora wa laifi. Tun a 1957 an soke shirinsa na talabijin bayan an nuna wani yaro baƙar fata, Frankie Lymon, yana rawa da yarinya farar fata. A Nuwamban 1959 aka kore shi daga aiki. Ya rasu a 1965 yana da shekara 43, ba aiki, ba dukiya.

Yanzu kada masu sauraro su ɗauka ƙananan kamfanoni waliyyai ne. Suna da kunne, sun yi kasada, ba don su ba da yawancin wannan kiɗa bai shiga faifai ba. Amma a wajen rabon kuɗi, abin da Bahaushe ke cewa ne, kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Little Richard wanke-wanke yake yi a tashar mota a garin Macon na jihar Georgia lokacin da Specialty ya kira shi. Ya sayar da haƙƙin Tutti Frutti a kan dala 50, aka yanka masa rabin sent kan kowane faifai. Big Mama Thornton, wadda ta fara rera Hound Dog shekara uku kafin Elvis, ta ce dala 500 ce kaɗai ta taɓa shiga hannunta. Chuck Berry ya rubuta Maybellene, Chess ya fitar a 1955. Da ya duba takarda sai ya ga sunayen mutum biyu kusa da nasa a matsayin marubuta, ɗayansu Alan Freed ɗin nan da muka tausaya wa yanzu. An ba shi kason waƙar ne don ya riƙa sa ta a rediyo. Sai a 1986 Chuck Berry ya dawo da cikakken haƙƙinsa. Shi kuwa Frankie Lymon yana ɗan shekara 13 ya yi waƙar da ta zagaye duniya, manya suka rubuta sunayensu a kanta, ya mutu yana ɗan shekara 25.

Yadda ake yin abin ba wuya. Mawaƙi ya zo daga gona ko daga tasha, bai taɓa ganin lauya ba. A ba shi kuɗin hannu, wani lokaci a saya masa mota mai ƙyalli. Sannan a rubuta kuɗin motar, da kuɗin situdiyo, da kuɗin makaɗa, da na faya-fayan da aka ce an dawo da su, duk a matsayin bashi a kansa. Littafin lissafi na hannun kamfani, shi ba ya gani. Ya yi shekara goma yana tashe, ranar da ya tambayi haƙƙinsa a ce masa ai shi ake bi.

A Ingila labarin ya fi gajarta, domin kamfanoni biyu ne ke da rinjaye, EMI da Decca na can. Ranar 1 ga Janairu, 1962, wasu samari huɗu daga Liverpool, The Beatles, suka rera waƙa 15 a situdiyon Decca a Landan don a gwada su. Aka ƙi su, aka ɗauki wata ƙungiya ta kusa da Landan, wadda kula da ita zai fi sauƙi. Manajansu Brian Epstein ya ce an faɗa masa cewa zamanin ƙungiyoyin masu jita ya wuce, shi kuma jami'in Decca, Dick Rowe, ya musanta har ƙarshen ransa. Sauran kamfanoni ma sun juya musu baya. Wanda ya karɓe su shi ne George Martin na Parlophone, wani ƙaramin reshen EMI da aka fi sani da faya-fayan barkwanci. Kwabo ɗaya aka yanka musu kan kowane faifai, su huɗu da manajansu su raba, idan a ƙasar waje aka sayar kuma rabin kwabo. Kuma shi ma Martin da farko waƙar wani marubuci ya miƙa musu, su suka dage sai tasu. Decca kuwa me ya rasa? A Mayun 1963 Dick Rowe ɗin nan ya ɗauki The Rolling Stones.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru a Amurka. EMI ya mallaki Capitol tun 1955, amma Capitol ya ƙi fitar da waƙoƙin Beatles ɗaya bayan ɗaya a 1963, yana ganin Amurkawa ba za su sayi kiɗan Ingila ba. Wa ya karɓa? Vee-Jay na Chicago, kamfanin baƙar fata, na wata mata mai suna Vivian Carter da mijinta James Bracken, sai kuma wani ƙarami a Philadelphia mai suna Swan. Da Capitol ya ga guguwar ta taso, a ƙarshen Disamban 1963 ya shigo da ƙarfinsa. A makon 4 ga Afrilu, 1964, waƙoƙi biyar na farko a jerin mujallar Billboard duk na Beatles ne, abin da ba a taɓa gani ba. Uku daga cikin biyar ɗin a faya-fayan ƙananan kamfanonin nan suke. Capitol ya ja Vee-Jay kotu, aka yi sulhu cewa haƙƙinsa zai ƙare a Oktoban shekarar. A 1966 Vee-Jay ya karye, ya rufe.

Wasu mawaƙa sun karanci wasan da wuri. Ray Charles da zai bar Atlantic a 1959, ya kafa wa ABC-Paramount sharaɗin cewa tef na asali, wanda daga gare shi ake buga kowane faifai, zai zama mallakarsa. Sam Cooke ya kafa nasa kamfanin faifai da na kula da haƙƙin waƙoƙinsa. Berry Gordy, tsohon ma'aikacin masana'antar mota a Detroit, ya rubuta wa wasu waƙoƙin da suka yi kasuwa, ya ga abin da ke zuwa hannunsa bai taka kara ya karya ba, ya ranci dala 800 daga asusun danginsa a 1959 ya kafa abin da ya zama Motown. Waɗannan su ne 'yan tsirarun da suka tsira da wani abu.

Daga tsakiyar shekarun 1960 raini ya ƙare, saye ya fara. Mitch Miller ya bar Columbia, sabon shugaba Clive Davis ya je bikin kiɗa na Monterey a 1967 ya dawo yana ɗaukar mawaƙan rok. A shekarar aka sayar da Atlantic ga gidan Warner. Aka sayar da Chess da Sun a 1969, Motown a 1988. Yau kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan wannan tarihi: Universal na da Chess da Motown da Capitol da Decca, Sony na da RCA da Columbia, Warner na da Atlantic. Kuma ba baƙinmu ba ne. EMI da Decca sun yi ofisoshi a Legas, iyayenmu sun san faifan garmaho mai hoton kare. RCA ɗin da ya sayi Elvis shi ne ya ɗauki Wizkid a 2017, Universal kuma ya sayi kaso mafi rinjaye na kamfanin Mavin na Legas a 2024, bayan 'yan gida sun gama wahalar raino.

Akwai wata mata da ban so mu tashi ban ambace ta ba, Ruth Brown. Ta shiga Atlantic a 1949, waƙoƙinta suka riƙe kamfanin a shekarunsa na farko, har ana yi masa kirari da gidan da Ruth ta gina. Da tashenta ya wuce, ta yi aikatau a gidajen mutane, ta tuƙa motar 'yan makaranta don ta ciyar da 'ya'yanta, alhali ana sake buga tsofaffin waƙoƙinta ana sayarwa. Da ta tambaya, sai aka ce lissafi ya nuna ita kamfani ke bi bashi. A shekarun 1980 ta haɗu da wani lauya mai suna Howell Begle, wanda tun yana yaro yake son waƙoƙinta. Suka bi takardu, suka kai maganar gaban 'yan majalisa da 'yan jarida, ba ta gaji ba. A 1988 Atlantic ya yafe basussukan da ya rubuta a kan tsofaffin mawaƙansa, ya sake lissafin haƙƙinsu, ya kuma ba da kimanin dala miliyan ɗaya da rabi aka kafa gidauniyar Rhythm and Blues Foundation, wadda ke taimaka wa tsofaffin mawaƙa da kuɗin asibiti da na haya, har da na jana'iza. Tana da shekara 60 a lokacin. Wasu kamfanonin sun bi sahu a shekarun da suka biyo baya, wasu kuma sai da aka kai su kotu.